Tarihin Bankin Al'umma A Nijeriya Da Abin Da Ya Shafe Mu A Cikinsa

Jawabin da aka gabatar a gaban manoma da makiyaya da 'yan kasuwa a garin Mandera, Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Muna gaida iyayenmu sarakuna da malamanmu da dattawan gari, da 'yan'uwa da suka taso daga Bodinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye, da kuma iyayenmu mata da ke sauraro daga can gefe.

Bayan haka, an nemi mu yi bayani a kan bankin al'umma, saboda maganar da ta daɗe tana yawo a bakin matasa da 'yan kasuwar wannan yanki, cewa lokaci ya yi da za mu mallaki wani wuri na kanmu inda za a riƙa ajiya da karɓar rance. Mun amsa wannan gayyata da sharaɗin cewa tarihin abin za mu faɗa yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa, domin an taɓa yin irinsa a ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin masu wannan magana a yau ba a haife su ba sa'ad da aka yi.

Ba mu tsammanin akwai wanda ya manta watan Janairu da na Fabrairun shekarar 2023 a cikinmu. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce kowa ya kai tsofaffin kuɗinsa banki kafin wa'adi ya cika. Mutumin birni yana da asusu, iyakar wahalarsa ita ce bin layi. Mutumin ƙauye fa? Wanda ya sayar da sa ko buhunan albasa ya ƙulle kuɗinsa a ɗaki, sai ga shi a bakin titi tun da asuba yana neman motar Sakkwato, don ya je ya roƙi wani ɗan'uwa ya zuba masa a asusunsa. Wasu sun karyar da dabbobinsu a kasuwa don kawai mai saye yana riƙe da sabon kuɗi. Masu POS kuwa suka riƙa sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi. Kotun Ƙoli ta kawo sauƙi a watan Maris na shekarar, amma abin ya riga ya shiga jiki.

Akwai kuma wani ciwon da ya girmi wannan, wanda ba a shelanta shi a rediyo. Shi ne na magidancin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina, ga noma bai ƙare ba, ga iyali na jiran tuwo, ya tafi wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu idan kaka ta yi. Kowa a nan ya san wannan ciniki, ko bai yi ba ya ga wanda ya yi.

Gwamnatocin baya ba su jahilci wannan hali ba. Tun a shekarar 1977 Babban Banki ya tilasta wa manyan bankuna su buɗe rassa a karkara, aka yi ta raba musu garuruwa zango bayan zango har ƙarshen shekarun 1980. An buɗe rassa ɗaruruwa, amma sai aka tarar reshen ƙauye ya zama kamar mazurari. Kuɗin manomi da na mahauci su shiga ta nan, su ɓulla a Legas ko Kano, a ranta wa ɗan kwangila. Idan manomin da ya yi ajiyar ya zo neman rance, a ce ya kawo takardar mallakar fili, shi kuwa gonarsa gado ce, shaidarsa ita ce maƙwabcinsa da mai unguwa. Ko bankunan da muke kira namu ba su kuɓuta daga wannan ba. Bankin Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, ya yi wa yankin nan hidima mai yawa kafin ya narke cikin Unity Bank a 2006 tare da wasu bankuna takwas. Haka Bankin Gamji na nan Sakkwato, wanda daga baya ya sauya suna ya kuma sauya hannu. Dukansu bankunan gwamnatoci ne da manyan 'yan kasuwa, mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta da kujera a cikinsu.

Da tsarin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta faɗi, talaka ya ji jiki, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta nemi abin da za ta lallashi jama'a da shi. A watan Oktoba na 1989 ta kafa Bankin Jama'a, wanda aka fi sani da People's Bank, ta naɗa Tai Solarin ya shugabance shi. Kwaikwayo ne na Bankin Grameen na ƙasar Bangaladash, mai ba talakawa ƙananan rance ba tare da jingina ba. Amma kuɗinsa na gwamnati ne, kuma kun san yadda muke kallon kuɗin gwamnati. A shekarar 2000 aka haɗe shi da bankin manoma, sunansa ya ɓace.

Bankin al'umma ya zo da wata dabara dabam. An ambace shi a jawabin kasafin kuɗi na 1990, kuma kafin shekarar ta fita, a watan Disamba, aka buɗe na farko a duk faɗin ƙasar. Ba a Legas aka buɗe shi ba, a unguwar Tudun Wada ta Kaduna ne, sunansa kuma na Hausa ne, wato Alheri. Muna so matasa su riƙe wannan, saboda abin da za mu faɗa nan gaba kaɗan. Aka kafa hukuma ta ƙasa mai kula da waɗannan bankuna a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, masanin labarin ƙasa daga Jami'ar Ibadan, aka kuma ƙarfafa ta da dokar soja mai lamba 46 ta 1992.

Ya kamata mu tsaya a kan yadda aka tsara shi, domin akwai hikima a ciki. Ba gwamnati ce ke kafa bankin ba. Mutanen gari ne za su haɗu ta hannun ƙungiyarsu ta raya gari, tare da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na masu sana'a, su tara jari na aƙalla Naira 250,000. Kada ku raina wannan adadi, a wancan lokaci dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira goma ba. Idan sun tara, gwamnati ta ba su rance ta ɗora a kai. Ƙungiyar gari ke riƙe kaso mafi tsoka na hannun jari, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya mallaki fiye da kashi 5 cikin ɗari ba, komai dukiyarsa. An yi haka ne don kada attajirin gari ya mayar da bankin aljihunsa na biyu. Ba a yarda bankin ya buɗe reshe a wani gari ba, ba ya cinikin kuɗin ƙasashen waje, cak ɗinsa ma sai ya bi ta hannun wani babban banki da yake hulɗa da shi. An ɗaure shi a garinsa da gangan, don kuɗin gari ya yi ta juyawa a cikin gari.

Mafi muhimmanci shi ne batun jingina. Tunanin waɗanda suka tsara abin shi ne, a ƙauye mutuncin mutum ya fi takardar fili nauyi. Kowa ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke ɓuya idan ya hango mai binsa. Uwar adashi ba ta taɓa neman takarda a wurin kowa ba, amma da wuya ka ji an gudu da kwasa, saboda wadda ta gudu ba ta da fuskar shiga gidan suna ko na biki. Wannan kunya da sanin juna su aka so a ɗauko daga adashi a shigar cikin banki.

Abin ya karɓu da sauri. Daga banki ɗaya a ƙarshen 1990, aka kai kimanin 400 a ƙarshen 1992, zuwa 1995 kuwa sun haura 1,300. Garuruwan da ba su taɓa ganin akawun banki ba suka wayi gari da nasu. Malamin firamare ya daina tafiyar kwana ɗaya don karɓar albashi. Sai dai idan aka duba inda waɗannan bankuna suke, mafi yawansu a Kudu suke, musamman ƙasar Ibo da ta Yarabawa. Abin da aka fara a Tudun Wada, a can ya yi 'ya'ya. Jihohinmu na nan can Arewa kuwa, na kowace jiha ba su taka kara sun karya ba.

Me ya jawo haka? Mutanen Kudu suna da ƙungiyoyin gari masu ƙarfi tun zamanin Turawa. Ɗan garinsu da ke Kano ko Jos yana biyan kuɗin ƙungiya duk wata, da shi suke gina makaranta da ɗakin taro, saboda haka da aka ce su tara jarin banki, hanya a share take. Mu kuwa taimakon junanmu yana da yawa, amma na baki da baki ne, ba mu saba rubuta shi a littafi ba. Sa'an nan ga babban dalili, wato kuɗin ruwa. A nan sai mun yi hattara da harshenmu, domin Bahaushe yana kiran abin da ɗan kasuwa ya samu a cinikinsa riba, wadda halal ce, da sunan da ya yi daidai da na ribar da Allah Ya haramta, wato ƙarin da ake ɗora wa bashi. Bankunan al'umma na wancan zamani da kuɗin ruwa suke aiki kamar kowane banki. Dattijon da ya ƙi sa kuɗinsa a ciki saboda tsoron Allah bai yi kuskure ba. Amma mu masu hawa mumbari muna da namu kason laifin. Mun ce wa mutane kada su shiga ta wannan ƙofa, ba mu nuna musu wata ba, alhali dokar bankuna ta 1991 ta riga ta ambaci banki mai aiki da raba riba da hasara. Da an sami malamai da masana lissafi da attajirai sun zauna tare a lokacin, da wataƙila labarin ya sauya. Sakamakon shirunmu shi ne manomi ya guje wa kuɗin ruwan banki, ya koma wurin mai buhu ɗaya a biya biyu, wanda nasa ya fi muni nesa ba kusa ba.

To, su ma waɗanda aka kafa, da yawansu ba su yi tsawon rai ba. Daga 1997 adadin ya fara raguwa, aka soke lasisin ɗaruruwa. Wani ɓangare na musibar daga waje ya zo. Tsadar kaya ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995, ta cinye darajar jarin da aka tara. Manyan bankuna suka shiga durƙushewa, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kotuna na musamman a 1994 don hukunta waɗanda suka kashe su, kuma a watan Janairu na 1998 aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Bankin al'ummar da ya ajiye kuɗin mutanensa a ɗaya daga cikin irin waɗannan, tare suka nutse. Wasu ma da ƙafarsu suka kai kansu, suka kwashi ajiyar ƙauye suka kai wa kamfanonin kuɗi na birni saboda kwaɗayin kuɗin ruwa mai yawa, wato suka koma yin abin da aka kafa su don a hana.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar ɓarna daga cikin gida ta fito. Mun san wani gari, ba za mu kama sunansa ba, inda muka halarci bikin buɗe bankinsu, aka yanka shanu, aka yi jawabai. Ba a yi shekara huɗu ba aka sa masa kwaɗo. Da aka buɗe littattafai, sai aka ga mafi yawan bashin yana wuyan daraktocin bankin ne da ƙannensu da surukansu. Dokar kashi 5 cikin ɗari an zagaye ta, mutum ɗaya ya sayi hannun jari da sunan matansa da 'ya'yansa da yaran shagonsa. Manajan yaro ne ɗan gari, ba shi da idon da zai kalli wanda ya yi masa hanyar aiki ya ce masa ya biya. Sauran jama'a da suka ga manya ba su biya ba, suka ce ashe ganima ce. Ku lura da wannan da kyau, ya 'yan'uwa. Sanin junan da aka yi fatan zai sa mutum ya ji kunyar ƙin biya, shi ne ya sa mai bin bashi ya ji kunyar tambaya. Waɗanda suka yi hasara su ne tsofaffi mata da suka kawo kuɗin furarsu, da 'yan ƙwadago masu tarin kuɗin aure, kuma a wancan lokaci inshorar hukumar NDIC ba ta shafi ajiyar bankin al'umma ba. Ba wanda ya biya su ko anini.

Waɗanda suka rayu kuwa, kusan halinsu ɗaya. Sun sami shugabannin da suka hana kansu rance kafin su hana wani, suna kiran taron masu hannun jari duk shekara a karanta lissafi a fili, kuma sun tsaya ga ƙananan rance masu dawowa da wuri. A watan Disamba na 2005 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fito da sabon tsari na ƙananan bankunan rance, waɗanda ake kira maikrofainans. Aka ba bankunan al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su ɗaga jarinsu zuwa Naira miliyan 20 su koma wannan tsari, ko su rufe. Kimanin 600 suka tsallake. Daga ranar sunan bankin al'umma ya fita daga doka, kuma a ganinmu an yi hasarar wani abu tare da sunan, domin sabon tsarin ya ba attajiri ɗaya damar mallakar banki shi kaɗai. Tsohuwar cutar ma ba ta warke ba, don a watan Satumba na 2010 Babban Banki ya soke lasisin 224 daga cikin sababbin.

Wani zai tambaya, shin bankin gari zai iya tsayuwa ba tare da kuɗin ruwa ba? Mu ɗan leƙa ƙasar Masar. A 1963 wani masanin tattalin arziki mai suna Ahmad al-Najjar, wanda ya yi karatu a Jamus ya ga yadda ƙananan bankunan ajiya na garuruwansu ke aiki, ya kafa irinsu a garin Mit Ghamr da ke yankin bakin kogin Nilu. Mutanen wurin manoma ne masu ɓoye kuɗi a gida kamar mu, masu ƙyamar banki saboda dalilin da ya sa muke ƙyamarsa. Bankin ba ya karɓar kuɗin ruwa, ba ya bayarwa. Mai son ajiya kawai yana da asusunsa, mai son a juya masa kuɗi a raba riba da hasara yana da nasa, ga kuma asusun zakka da taimako. Manoma suka fito da abin da ke ƙarƙashin tabarma, har aka buɗe irinsa a wasu garuruwa, kafin gwamnatin ƙasar ta karɓe su a 1967. Masana da yawa suna ƙirga wannan ƙaramin banki na ƙauye a matsayin mafarin bankunan Musulunci na zamani.

A nan gida an daɗe kafin a kai ga haka. Bankin Jaiz an yi masa rajista tun 2003, amma bai sami lasisi ba sai a watan Nuwamba na 2011, shi ma na yanki. Ya buɗe ƙofa ranar 6 ga Janairu, 2012 da rassa uku kacal, a Abuja da Kaduna da Kano, ya kuma sami lasisin aiki a duk ƙasa a 2016. Wannan ya kashe bakin masu cewa abin ba zai yiwu ba. Sai dai Jaiz babban banki ne, a birane yake zaune. Abin da ya fi kusa da buƙatarmu shi ne ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2017 na kafa ƙaramin bankin rance marar kuɗin ruwa, da kuma gyaran 2019 da ya sa jarin irin wannan ƙaramin banki a karkara ya zama Naira miliyan 50. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar mai ajiya a ƙaramin banki zuwa Naira miliyan 2. Gatan da tsohuwa mai fura ta rasa a shekarun 1990, jikarta tana da shi.

Naira miliyan 50 tana da nauyi a kunne, amma mutum 5,000 ne kowa ya kawo 10,000. Tsakanin Mandera da Bodinga da Shagari da 'ya'yanmu da ke ci-rani a Kudu, ba za a rasa su ba. Saboda haka mu ba tara kuɗin ne ke ba mu tsoro ba. Abin da ke ba mu tsoro shi ne ranar da ɗan babban gida zai ci bashi ya ƙi biya, a rasa wanda zai je ƙofar gidansu.

Shawararmu ita ce kada a fara da gini da allon suna. A fara da ƙungiyar gama kai mai rajista da hukumar jiha, a gwada kai da ita damina biyu ko uku. Hanyoyin da shari'a ta buɗe sun isa aiki. Mai noman rani da ke buƙatar injin ban ruwa, ƙungiya ta saya ta sayar masa da ƙarin da aka sani tun farko, ya biya kaɗan-kaɗan, kuma farashin ba ya ƙaruwa don ya yi jinkiri. Mai kiwon ragunan layya a ba shi jari bisa ƙiradi, a raba abin da aka samu yadda aka yi yarjejeniya. Shi kuwa mai rumbun da ya ƙare a damina, akwai cinikin salam: a biya shi kuɗin gero ko wake lakadan tun yanzu, ya kawo kaya da kaka, da awo sananne da siffa sananniya da rana sananniya. Amma a ji tsoron Allah wajen yanke farashin, don idan aka matse shi, an dawo da buhu ɗaya a biya biyu ne da rigar larabci. Wanda ke cikin kwamitin ba da rance kada ya karɓa, shi da na cikin gidansa, har ya sauka. Mai rubuta lissafi dabam, mai riƙe kuɗi dabam, mai bincike kuma a ɗauko shi daga wani gari inda ba shi da suruki. A kuma rubuta kowane bashi komai ƙanƙantarsa, da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mutanen da aka fara umarta da ita sun fi mu gaskiya da sanin juna.

Iyayenmu mata da ke riƙe da adashi shekara da shekaru ba tare da an ji kansu ba, muna roƙon a sa su cikin shawara tun daga zaman farko, a kuma ware musu kujeru a kwamitin. Dattawa sun ce za a buɗe littafin rubuta sunayen masu sha'awa bayan sallar La'asar, kuma ba za a karɓi kuɗin kowa ba sai an zaɓi masu riƙewa a gaban jama'a.

Allah Ya yafe mana kurakuranmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.